Kwana Goma Sha Ɗaya da Ban Auna Ruwa Ba

Zuwa ga 'yata Maimuna, Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Maruwa lafiya, kin sha ruwa, kin miƙe ƙafa. Allah ya tsare ki a ɗakin da za ki zauna da hanyar da za ki riƙa bi zuwa jami'a, ya raba ki da 'yan moton garin nan, masu baburan haya da ke gudu kamar an biyo su. Mahaifiyarki ba ta san na rubuta ba. Da ta sani, da sai ta sa na ƙara shafi biyu a kan yaji da man shanun da ta ɗaure miki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Kuma kin san halina, ban iya zaunar da mutum in yi masa doguwar magana ba, ina farawa sai in ɓuge da zancen inji. Shi ya sa na ɗauki biro. Da Hausa kuma nake rubutawa, don Faransancina na cika takardun gwamnati ne, ba zai kai ni inda nake son zuwa yau ba.

Ga maganar. Na san abin da kika ci a fizik a zango na biyu na ajinki na ƙarshe: bakwai cikin ashirin. Kin ce mini makaranta ba ta raba takardun sakamako ba, wai an sami matsala a ofis. Bayan sati biyu malaminku ya kawo mini injin ban ruwan gonarsa gyara. Muna cikin hira ya ce kada bakwai ɗin nan ta dame ni, yarinyar za ta farfaɗo. Na ce masa ai ba komai, na ci gaba da kwance inji kamar na daɗe da sani. Kin kuwa farfaɗo, kin ci bak, jarrabawar fita sakandare, ga ki za ki karanta kimiyya. Alhamdu lillahi. Kada gabanki ya faɗi, ba faɗa zan yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, muna gida ɗaya, kullum ke kike kawo mini ruwan alwala, amma kika kasa buɗe baki ki ce mini bakwai. To yanzu da tafiyar rabin yini ke tsakaninmu, me za ki iya faɗa mini? Tsorona ke nan, in zama uban da ake kira a waya a ce masa komai lafiya lau, a kashe. Na daɗe ina juya abin a raina, na kuma gano laifin nawa ne. Da wani labari na raine ki, kuma rabinsa kawai na ba ki.

Kin san wanda nake nufi, labarin Dokta Damina da littafina. Kin ji shi ya fi a ƙirga. Ranar da rediyo ya faɗi rasuwarsa, sati uku da suka wuce, kika same ni a gareji idonki jajawur, kika ce, "Baba, mutuminka ya rasu. Ni ma ina so in zama irin ɗalibar da zai ɗaga littafinta sama, kamar yadda ya ɗaga naka." Wallahi, Innata, sai da na nemi wuri na zauna. Ke kina tsammanin mutuwar ce ta taɓa ni. Ta taɓa ni, amma maganarki ta fi.

Bari in ɗauko shi tun daga farko, yadda ya faru.

Ku yaran yanzu a matsayin minista kuka san shi, babban mutum mai farin gashi a talabijin, wanda in ya je makaranta ɗalibai ke hawa taga don su ji shi. Mu kuwa mun san shi tun yana yawo a wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, yana binciken ruwan sama da ƙasar noma a nan arewa. Gajere ne, siriri, takalminsa duk taɓo, aljihun rigarsa biro uku. Mu muka laƙaba masa Dokta Damina, kuma da ya ji bai ji haushi ba. Ya zo lise ɗinmu, wato sakandarenmu, a nan Garwa ana saura 'yan kwanaki a tafi dogon hutu. Ya fara da Faransanci, ya ga idanunmu sun fara lumshewa, sai ya juya Fulatanci, ya gangaro Hausa, ya koma Faransanci, duk a magana ɗaya. Nan take kowa ya gyara zama.

Ya tambaye mu, "Bara ruwa nawa aka yi a garinku?"

Wani ya ce da yawa. Wani ya ce kaɗan. Ni na ce daidai misali.

Ya ce, "Ku uku ɗin nan ba ku faɗa mini komai ba. Iyayenku na shuka da ruwan farko, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone, su sake shuka. Kowace shekara sai a ce bana ta bambanta. Ta bambanta da nawa? Ba wanda ya sani, don ba wanda ya tsaya ya auna. Ni kuma ƙafata biyu ce, ba zan iya kwana a gari ashirin ba. Wa zai ara mini idonsa?"

Ban taɓa jin babban mutum ya ce yana bukatar mu ba sai ranar. Kullum mu ake ce wa mu yi shiru mu kwafa. Hannuna ya tashi tun kafin in yi shawara da shi.

Ya raba wa masu komawa ƙauye hutu ma'aunin ruwa: gwangwani, da mazurari, da kwalba mai zane-zanen lamba, da littafi ɗaya. Dokarsa ba ta da wuya. Kullum ƙarfe bakwai na safe ka duba, ka rubuta, ka zubar. In ba a yi ruwa ba ka rubuta sifiri. In ba ka duba ba, ka bar wurin fili ka rubuta dalili. Wannan ta ƙarshen sai da ya maimaita ta sau uku, har muka fara dariya.

Na tafi Bibemi wurin kakata da kayana a ƙirji kamar jariri. Na kafa turke a tsakiyar fili nesa da bishiya, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kaka tana zaune tana kaɗi tana kallona, ta ce, "Yau ga ɗan boko zai auna wa Allah ruwansa." Maƙwabta har leƙowa suke yi. Amma kafin wata guda, tsofaffin nan da ke mini dariya su ne ke tsayawa a bakin zana da safe su ce, "Salihu, na jiya nawa ne?" In ce sha takwas. Su gyaɗa kai kamar sun san me sha takwas ke nufi, su wuce gona. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Wata biyu cur ban ɓata rana ɗaya ba.

Sai ƙwallo ta shigo. Kin san gasar hutu da ake yi tsakanin garuruwa, har yanzu ana yi. A watan Agusta 'yan Bibemi suka rasa gola, suka zo suka yi ta zuga ni, wai kwana uku ne kawai a Pitowa, za a fitar da mu a wasan farko mu dawo. Haka na tafi ban gaya wa kowa ya duba mini kwalba ba. Ikon Allah, sai muka yi ta ci. Kwana uku ya zama goma sha ɗaya. A wasan ƙarshe aka zura mini huɗu, muka dawo a bayan motar gawayi ba kofi ba murya. Na iske gwangwanina ya cika ya tumbatsa, har da mataccen ƙadangare a ciki.

Na zauna a gindin rumbu da littafi a cinya, ina kallon layi goma sha ɗaya babu komai. Na tuna dokar sarai, ba mantawa na yi ba. Amma sama da su wata biyu ne cike reras, ga hannuna mai kyau, sai na ji ba zan iya miƙa wa mutumin nan littafi mai rami ba. Na kira Kaka na ce ta tuna mini ranakun da aka yi ruwa. Ta ce ranar kasuwa an yi, ranar sunan gidan liman an yi mai ƙarfi har katanga ta faɗi, sauran kuma ita ba ta riƙe ba. Da wannan na zauna na ƙirƙiro lambobi. Ashirin da uku, takwas, sifiri, arba'in da ɗaya. Har wayo na yi, na ƙi sa cikakkun lambobi irin goma da ashirin don kada a gane. Kafin la'asar na gama, na ci gaba da aunawa washegari kamar ba abin da ya faru.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ki lura, ba tafiya ƙwallon ba ce. Yaro ɗan shekara sha bakwai ya bi ƙwallo, wannan ba abin da za a tara mutane a kai ba ne. Kuskuren shi ne na ji kunyar fili. A karatun da za ki yi, za a ba ki abu ki auna, lambar ta ƙi fitowa yadda littafi ya ce. Za ki ga na kusa da ke sun gyara tasu ta yi kyau. Ki rubuta wadda kika gani, ko da ta yi muni. In ba ki yi aikin ba, ki ce ban yi ba. Za ki ji zafi na minti biyar. Ni nawa ya kai shekara talatin.

Da aka koma makaranta Dokta ya dawo karɓar littattafai. Aka tara mu a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Akwai wata 'yar ajinmu, Asta, Bafulatana mai shiru-shiru, ita aka fara karɓar nata. Littafin duk ya jiƙe ya kumbura, ga ramuka ko'ina. Wani ɗan ajinmu ya leƙa ya karanto da ƙarfi: "Na yi zazzaɓi, ban duba ba." "Akuya ta ture kwalba." Aka fashe da dariya. Muryata ta fi ta kowa, ni da na san abin da ke cikin nawa. Asta ta sunkuyar da kai. Da aka zo kaina, Dokta ya buɗe shafukan da sauri, ya ɗaga littafin sama ya ce, "Ku duba nan, babu rana ɗaya da ta ɓace." Aka tafa. Ya miƙo mini hannu muka gaisa. Nan labarin da kika sani yake tsayawa.

Dariyar nan ita ce kuskurena na biyu, kuma har gobe ina jin nauyinta. Asta kin san ta, ita ce Hajiyar da ke gwajin ruwan rijiyoyi, wadda sai ta sa hannu ake cewa unguwa ta sha ko kada ta sha. In mun haɗu a kasuwa takan tsaya mu gaisa, ta tambayi yara, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni ne dai nake ƙosawa mu rabu. Don haka in kin ga an taru ana yi wa wani dariya a aji saboda ya ce bai gane ba, ko Faransancinsa ya karkace, ki rufe bakinki. In da hali ma ki matsa kusa da shi, irinsu ne abokan karatu.

Bayan kamar wata biyu shugaban makaranta ya kira ni ofis ya miƙo mini ambulan. Dokta ne ya rubuto da hannunsa, layi huɗu. Ya ce in zo tashar bincikensu a hutun tsakiyar shekara in yi sati biyu tare da shi, akwai aikin da yake so mu yi a kan littafina. Shugaban makaranta sai murna yake yi yana bubbuga mini kafaɗa. Ni kuwa na sake karanta wurin. A kan littafina. Na ce shi ke nan, ya gane, zai tsayar da ni gaban ma'aikatansa ya tone ni. Na ce wa shugaban mahaifina ba shi da lafiya, ba zan samu zuwa ba. Mahaifina kuwa lafiyarsa ƙalau, yana kasuwa yana sayar da goro. Ban ba da amsa ba, ban je ba. Daga nan sai na tsani duk abin da ya shafi awo. In an shiga darasin kimiyya sai in koma bencin baya. Shekara ta zagayo na faɗi jarrabawa, ban ko nemi maimaitawa ba, na tafi koyon gyaran inji.

Na uku ke nan, kuma shi ya fi tsada. Innata, in malami ya ce ki zo ofis, ki je. Ko kina zaton faɗa zai yi, ki je. Abin da kike tsoro a bayan ƙofa bai kai wanda za ki ƙirƙira a ranki kina waje ba. Ni ba wanda ya kore ni daga makaranta, da ƙafata na fita.

Kada ki karanta wannan ki ɗauka ubanki na zaune yana cizon yatsa. A'a. Ina son aikina. In na bi bakin Binuwai da rani na ga albasa kore shar tun daga nan har inda ido ya tsaya, na san injinan da ke shayar da ita da yawa sun bi ta hannuna. Da aikin nan na auri mahaifiyarki, na gina inda muke, na kai ki inda kike. Ina cin abincina da daɗi, ina barci ba da fargaba ba. Allah ya yi mini sutura, ba ni da ƙorafi. Abin da na ce kawai, hanyar da na bi na iso nan gudu ce, kuma ba na so ki gaji gudun.

Saura ɓangaren da ko mahaifiyarki ba ta sani ba. Na sake haɗuwa da shi.

Lokacin kina goye. Ya riga ya zama minista, aka ce zai zo duba gonakin rani a bakin kogi. An kafa rumfa, an jera kujeru, manya sun sha manyan riguna. Ana saura kaɗan ya iso, injin da za a nuna masa ya mutu. Aka aiko a guje aka ɗauke ni a moto. Ina durƙushe ina kwance kaburato, hannuna baƙi ƙirin, sai na ga inuwa a kaina. Ashe mutumin nan ya bar rumfa da masu jawabi, ya tattare rigarsa ya tsuguna kusa da ni. Masu tsaronsa sun rasa yadda za su yi.

Ya ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, datti ne ya toshe hanyar mai."

Ya ce, "Gani ka yi ko zato?"

Na ce, "Zato ne tukuna, daga yadda aka ce ya yi tari kafin ya mutu. Yanzu zan buɗe in gani."

Ya yi dariya ya ce, "Madalla. Wa ya koya maka raba su?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kai ne, ranka ya daɗe. Ni ne yaron Bibemi. Wanda ka ɗaga littafinsa, ka kira shi bai zo ba. Kwana goma sha ɗaya a ciki ƙarya ne, da kaina na ƙirƙira."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce, "Bibemi. Kai ne mai tsabtatattun shafuka." Ya gyara tsugunno. "Ranar da na ɗaga littafin ban sani ba. Ni ma na yi laifi, na yaba kafin in duba. Sai da na zauna da shi a tebur. Duk ranar da ka auna ruwa da gaske, akwai ɗigon ruwa a takardar, ko shatin yatsa da taɓo, don da jiƙaƙƙen hannu kake rubutu. Sai ga tsakiyar Agusta, ka rubuta arba'in da ɗaya, takarda fes, biro ɗaya, hannu ɗaya, kamar an zauna a inuwa an rubuta."

Na ce, "A gindin rumbu ne."

Ya ce, "To ka gani. Amma ban san iyakarta ba. Ranar da ba a yi ruwa ba ma shafi kan fita da tsabta. Daga ina ka fara, a ina ka tsaya, ko akwai wasu a baya, kai kaɗai ka sani. Shi ya sa na kira ka, mu zauna ka nuna mini, mu soke su, mu ceci sauran. Da ba ka zo ba sai na ajiye littafin gaba ɗaya. Har yau Bibemi ba ta da damina a wannan shekarar a takardunmu. Na yarinyar nan mai akuya kuwa mun yi aiki da shi."

Innata, wata huɗu ina tashi da sassafe, ina shiga taɓo, ina korar awaki. Fiye da kwana ɗari na gaskiya, duk suka bi goma sha ɗaya suka tafi. Kuma abin da ake nema a wurina bai wuce in ɗora yatsa in ce daga nan zuwa nan ba. Idona ya cika, na sunkuya a kan inji don kada a gani.

Bai yi mini wa'azi ba. Ya dafa kafaɗata da hannunsa mai tsabta, ya ce, "Na ji haushinka a lokacin, ba zan ɓoye maka ba. Yau kuma na ji daɗi. Tayar mana da injin nan, mutane na jira a rana." Na wanke kaburato na mayar, na ja igiya, inji ya kama, ruwa ya feso. Aka yi ta tafi, shi kuwa ya koma rumfa da taɓo a gefen riga. Ban sake ganinsa ido da ido ba. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya koya wa 'ya'yan mutane ya bi shi. Da ranar ya muzanta ni, da na sami abin fakewa in ce manya ba su da kirki. Bai ba ni wannan ba.

Za ki ce, to Baba, tun da an yafe maka, me ya hana ka faɗa mini duka? Nan ne kuskurena na huɗu, kuma shi ne wanda ya shafe ki. Kina 'yar shekara bakwai kika tambaye ni ko ni ma na yi makaranta. Kin ga iyayen ƙawayenki suna zuwa da jaka da takalmi sau ciki, naki uban kuwa da baƙin mai a farce. Na so in ba ki wani abu da za ki riƙe. Sai na ba ki labarin har zuwa inda aka tafa, na yi shiru. Yadda kika dube ni ranar, ban taɓa samun irinsa ba, sai na kasa ƙarasawa. Shekara ta bi shekara, kina ba ƙannenki, kina ba ƙawayenki, ni kuma ina jin daɗi ina jin kunya a lokaci guda. Ban tsaya nan ba. Wata rana kin kawo sha shida cikin ashirin, na ce wa ya ci sha takwas. Ni a wasa na ɗauke shi, irin tsokanar da nake yi wa kowa. Ban lura kin daina dariya ba. Na sa ki zauna a gida ɗaya da mutumin da bai taɓa ɓata rana ba, alhali babu wannan mutumin. Yaya za a yi ki kawo masa bakwai? Ni da na kasa kai layi goma sha ɗaya, ni ne zan ga laifinki? Ki yafe mini.

Sauran nasihohi kin sha jin su daga mahaifiyarki, kuma ta fi ni iyawa. Ki riƙe salla. Ki ci abinci kafin ki shiga aji, kin san yadda kike in yunwa ta kama ki, ba mai iya zama kusa da ke. Kada ki hau moton da mai shi ke waya. Za ki zauna da 'yan kudu da 'yan Kuseri da waɗanda ba addininku ɗaya ba, ki zauna da kowa lafiya. Ki je ki gaida gwaggonki a unguwar masu dukanci ko sau ɗaya a wata, in ba haka ba ni za ta kira ta cika wa kunne.

Abin da ni nake roƙo guda ɗaya ne. Karatun nan zai yi miki wuya wani lokaci, dole ne. Akwai darasin da zai kayar da ke, akwai ranar da za ki zauna a ɗaki ki ce me ya kawo ni. Ranar nake so ki kira ni, ba sai ranar da kika ci ba. In sakamako ya fito ki faɗa mini lambar yadda take. In kin ga kimiyyar ma ba taki ba ce, don labarina kika ɗauke ta, ki faɗa mini wannan ma, mu zauna mu duba. Ba zan tambaye ki abin da wani ya ci ba, na tuba da wannan. Ba na bukatar ki zama Dokta Damina. Ya yi nasa ya tafi, kuma na tabbata da yana nan cewa zai yi ki zama Maimuna.

Yanzu kin san ubanki duka. Ban san da wane ido za ki dube ni ba in kin dawo hutu, kuma ba zan ɓoye miki ba, hannuna ya yi nauyi kafin in sa takardar nan a jakarki. Sau biyu ina cirewa. In kin ji haushi, kina da gaskiya, kada ki yi saurin cewa ba komai don ki faranta mini. Ki ɗauki kwanakin da kike so. In kin shirya ki kira, ki faɗa mini abin da kika ji, yadda yake. Wayata na aljihun gaba, ko ina ƙarƙashin inji zan goge hannu in ɗauka.

Allah ya tsare mini ke daga abin da nake gani da wanda ba na gani. Ya buɗe miki ƙirji, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokai na gari, ya ba ki lafiyar jiki da kwanciyar rai. Ya dawo mana da ke lafiya, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Salihu mai gyaran inji,
Garwa.